Amsa ga Malama kan mutuwar jiki bayan hutun Disamba

Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Malama, na saurari saƙonki, kika ce tun da aka dawo zango na biyu yaran aji uku kamar ba su taɓa ganin harafi ba, ke ma jikinki ya mutu. Sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Ba lalaci ba ne, kuma aikinki na zangon farko bai zube ba. Yaro ya yi mako biyu ko uku bai buɗe littafi ba, ga hunturu, ga mura da tari, dole karatu ya yi sanyi. Da bita yake dawowa.

To, kada ki fara sabon darasi a makon nan. Ki auna su tukuna, ɗaya bayan ɗaya, minti ɗaya ko biyu kowa. A kati ɗaya ki rubuta haruffa biyar, kalmomi biyar irin su gida, rana, kifi, sai jimloli uku gajeru. Idan yara sittin ne, sha biyar a rana, kwana huɗu kin gama. Sai ki raba su uku: masu harafi, masu kalma, masu jimla. Kusan haka ƙungiyar Pratham ta Indiya take yi, wato a koyar da yaro daga inda karatunsa ya tsaya, ko da ajinsa ya wuce wurin. Kowace safiya minti ashirin, ke ki zauna da masu harafi, masu jimla su karanta wa masu kalma biyu-biyu. Inda ake samun matsala, sai a sa wa rukunin suna, a ce waɗannan su ne daƙiƙai. Yaro ya ji haka sau ɗaya, ya rufe bakinsa ke nan. Ki kira su da launi ko sunan tsuntsu, kuma duk bayan mako biyu ki sake aunawa, wanda ya haye ki matsar da shi gaba.

Sai maganar sanyi. Ƙarfe takwas na safe yatsun yaro a sandare suke, ba zai iya riƙe fensir da kyau ba, sai rubutu ya fito a karkace ki ɗauka wasa yake yi. Darasin farko ki yi shi da baki: waƙar haruffa, ƙirga da tafi, a tashi a zauna. Rubutu ki bar shi sai wajen ƙarfe goma. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, to tagogin wannan ɓangaren a rufe, in babu marfi a kare da kwali. In rana ta ɗaga, a fitar da tabarma a yi karatu a hantsi. A yayyafa ruwa kafin shara, allo kuma a goge da tsumma mai danshi, don ƙurar alli da hazo su ne ke cinye miki murya. Ki riƙa zuwa da ruwan ɗumi a filas.

Masu latti kuma, don Allah a daina tare su da bulala a bakin ƙofa. Wani ba shi da rigar sanyi, wani sai an dafa ruwan wanka da itace. In ya san duka ke jiransa, gobe ba za ki gan shi ba. Ki roƙi Hedimasta a bar su su ɗora abin da suke da shi a kan yunifom. Yaron da tarinsa ya wuce mako biyu, a aika wa iyayensa su kai shi asibiti.

Ke kanki, ki daina kwasar littattafai sittin zuwa gida. Littattafan yaran layi ɗaya a rana ki duba da jan biro, sauran su yi musaya su duba da amsar da kika rubuta a allo. Kafin Juma'a kowa ya bi ta hannunki. Kuma ki ɗauki kalanda ki ƙirga makonnin da suka rage, domin a 'yan shekarun nan azumi cikin wannan zangon yake faɗowa, lokacin tashi ya ragu. Darussa masu nauyi, irin ragewa da aro da sau-sau, ki jawo su gaba tun da sauran ƙarfi, bita ki tura ta cikin azumi.

Wanda yake son samfurin katin aunawar ya yi magana, zan rubuta da hannu in ɗauki hoto in turo nan. Allah ya ba mu lafiya, wassalam.