Nastashiyam ya cika ganye amma ya ƙi yin fure

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ƙanwata ce ta kawo mini irin wani fure daga Jos, nastashiyam. Na shuka shi a watan Yuli a gindin mangwaron tsakar gidanmu, na zuba masa kashin kaji sosai, duk ranar da ba a yi ruwan sama ba kuma in ba shi ruwa. Ya yi ganye shar, wasu har sun kai faɗin tafin hannu, amma yau wata uku ko fure ɗaya ban gani ba. Ina matsalar take? Kuma da gaske ne ana cin sa? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Gata ne ya yi wa shukarki yawa.

Asalin wannan tsiro, wanda masana ke kira Tropaeolum majus, daga tsaunukan Andes ne na Kudancin Amurka, wajejen ƙasar Peru, kuma daga can aka kai shi Turai a ƙarni na 17. Ba ya buƙatar ƙasa mai ƙarfi. Kashin kaji kuwa yana cikin takin da ya fi kowanne yawan sinadarin naitirojin, wanda aikinsa gina ganye ne. Duk manomin da ya taɓa shuka wake a tsohon makwancin shanu ya san labarin: harawa jibge, wake kaɗan. Abin da ya same ki ke nan. A wurina wannan ne babban dalili, inuwar mangwaro ce ta biyu. Tsiron yana son rana ta kimanin awa 6, a inuwa sai ya yi ta miƙa kara yana neman haske, fure kuwa babu.

Wanda ke ƙasa yanzu bai lalace ba. Ki daina ba shi taki kwata-kwata. Ba na ba ki shawarar tuge shi ki dasa a wani wuri, don saiwarsa ba ta jure tashi. Abin da ya fi, ki yanko rassa uku ko huɗu masu tsawon ɗani, ki cire ganyen ƙasa, ki tsoma su a kofin ruwa. Cikin mako biyu za ki ga fararen saiwoyi sun fito daga gaɓoɓin, sai ki dasa su a tukunya mai huji a ƙasa. Ƙasar da za ki zuba a haɗa ta da yashi, rabi da rabi, ba taki ko kaɗan.

In akwai sauran iri a takardar, to kin yi tambaya a kan gaɓa, domin daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ne lokacinsa a wajenmu. A Turai da zafi suke shuka shi don ƙanƙara tana kashe shi, shi ya sa bayanin jikin takardar iri ke ruɗar mutanenmu. Mu nan zafin ne abokin gabarsa. Da zarar yanayi ya haura digiri 30 sai ya fara yaushi, ganyen ya koma rawaya, fure ya tsaya. A Jos da Mambila, inda tudu ya kawo sanyi, yana daɗewa. A Zariya, Kano ko Katsina kuwa shukar hunturu ce, kuma in bazara ta kankama a Maris za ki ga ya kwanta. Kada ki damu, ƙarshen kwanansa ne ya zo.

Irin nasa manya ne, kusan girman ƙwayar wake, masu tamoji. Ki jiƙa su kwana ɗaya, ki binne su zurfin gaɓar yatsa, kamar santimita ɗaya da rabi, ki rufe da kyau don a duhu suke tsira. Ki bar tazarar santimita 25 zuwa 30 tsakani. Yakan tsiro cikin kwana 7 zuwa 14, fure kuma ya biyo baya bayan mako shida zuwa takwas. Wurin da ya fi dacewa shi ne jikin katangar da ke fuskantar gabas, rana ta same shi da safe, inuwa ta rufe shi bayan azahar. Ki duba takardar kuma: akwai gajere mai tsayawa dunƙule, irin su Alaska mai ɗigon fari a ganye, akwai mai yaɗo da kan kai mita biyu, wanda zai so dangar kara ko igiya.

Ruwa, sai kin tura yatsa a ƙasa kin ji ta bushe tukuna. In kin ba shi, ki ba shi ya ƙoshi, sannan ki ƙyale shi.

Abin da zai fi damun ki shi ne darɓa, ƙananan baƙaƙen ƙwari masu taruwa a bayan ganye da wuyan fure. Ki riƙa juya ganyen kina dubawa. Idan kin gan su, ki tsinke ganyen da suka fi yawa a kai, sauran ki fesa musu ruwa mai ɗan sabulu ko ruwan jiƙon ganyen darbejiya da yamma. Wasu masu lambu ma da gangan suke shuka shi kusa da kabeji don ya janye ƙwarin zuwa kansa. Dabarar tana da amfani ne kawai in ana cire ganyen da ƙwarin suka mamaye, in ba haka ba ka gina musu gida ne a tsakiyar lambunka.

Batun ci kuwa gaskiya ne. Ganye, fure da ɗanyen iri duk ana ci, kuma ɗanɗanonsu yana da ɗan yaji mai hawa hanci, kusa da na lansir. Ƙananan ganye sun fi daɗi. Ki gwada yanka kaɗan a cikin kwaɗon latas da tumatir da ƙuli-ƙuli, ki watsa furen a sama. Yana da bitamin C. Sai dai ki girgije furen kafin wankewa, don a bayansa akwai ɗan siririn ƙaho mai ruwan zaƙi inda tururuwa ke shigewa. Wanda aka fesa wa maganin ƙwari ba a ci. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda da ƙananan yara su bar shi.

Idan fure ya fara, ki riƙa tsinke waɗanda suka yi yaushi, hakan ke sa ya ci gaba da fitar da sababbi. Amma daga Fabrairu ki bar wasu su nuna. Kowane fure yakan bar 'ya'ya uku manne da juna, koraye, suna zubowa ƙasa da kansu. Ki tsince su, ki shanya a inuwa har su bushe su koma ruwan ƙasa, ki adana a ambulan ta takarda, ba leda ba, a wuri mai sanyi har Oktoba mai zuwa.