Malami na dukan ɗana don ba ya ji sosai, yanzu an ce in cire shi daga makaranta

Tambaya: Barista, ɗana shekararsa tara, kuma ba ya ji sosai tun wani zazzaɓi da ya yi yana ƙarami. Malamin ajinsu na yawan zane shi, wai yana yi masa kunnen ƙashi. Makon jiya ya dawo da shatin bulala a baya, har rigar ta manne da ciwon. Da na je, shugaban makarantar ya ce in nema masa wani wuri, su ba za su iya da irinsa ba. Ina da abin yi?

Amsa: Kina da shi, 'yar'uwa. Allah ya ba yaron lafiya. Laifi biyu aka yi masa, duka da wariya, kada ki bari a dunƙule miki su a shafe da "a yi haƙuri".

A ranar 20 ga Nuwamba 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara, kuma ƙasashe 196 sun ɗaure kansu da ita. Cikin mambobin Majalisar, Amurka ce kaɗai ba ta tabbatar da ita ba. Sashe na 2 ya hana nuna wa yaro bambanci, ya kuma ambaci naƙasa da sunanta. Sashe na 19 ya ɗora wa gwamnati nauyin kare yaro daga cin zarafi a hannun duk wanda ke kula da shi, malami na ciki. Sashe na 28 ya ce horon makaranta dole ya kiyaye mutuncin yaro. Sai yarjejeniyar 2006 kan masu buƙata ta musamman, wadda sashenta na 24 ya ce ba a ware yaro daga makarantar kowa da kowa saboda naƙasa, sai dai a yi masa gyaran da ya dace. Gyaran ɗanki bai taka kara ya karya ba: a zaunar da shi a layin gaba, malami ya riƙa fuskantarsa in yana magana.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba, a ƙasashe da yawa alƙali ba ya hukunci da yarjejeniya sai majalisar ƙasar ta mayar da ita doka. Suwidin ta haramta dukan yara gaba ɗaya tun 1979, wasu ƙasashen kuwa har gobe suna barin kafar "ladabtarwa daidai kima". Ko a can ma, dukan da ya fasa fata ya wuce ladabtarwa, rauni ne, kuma dokar laifuka ta san da shi.

Abin da ke kayar da iyaye a irin wannan ƙara shi ne rashin hujja, don shatin bulala ba ya jiran lauya. Ki ɗauki hoton ciwon yau, ki kai shi asibiti a ba ki rahoton likita, a kuma auna jinsa a rubuta. Rigar nan kada ki wanke ta. Ki rubuta abin da ya faɗa miki da kalmominsa, ba tare da kin sa masa magana a baki ba. Hoton kuma ba na Facebook ba ne, yaron zai girma ya tarar da shi.

Kada ki cire shi da kanki, don gobe za a ce ke kika janye. Ki rubuta wa shugaban makarantar takarda, ki nemi a sauya masa aji nan take, ki kuma ce in korar ce a ba ki ita a rubuce tare da dalili. Na sha ganin murya ta yi sanyi daga nan. Ki riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.

In an yi biris, sai hukumar ilimi da ke sa ido kan makarantar, da ofishin jin daɗin jama'a, da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam. Batun raunin na 'yan sanda ne. Kotu kuma na iya ba da umarnin a bar shi a makaranta, ta sa a biya diyya. Kada ki yi jinkiri, a wasu ƙasashen wa'adin ƙarar ma'aikacin gwamnati wata uku ne kacal. In kuɗin lauya ne matsala, ki nemi ofishin taimakon shari'a kyauta.

Kafin ki ɗauki ko wane mataki, ki zauna da yaron, kusa da kunnen da ya fi ji, ki tambaye shi ko yana son komawa makarantar. Sashe na 12 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ya ba shi haƙƙin a ji ta bakinsa, kuma alƙali na iya tambayarsa haka.