Tambaya da Amsa: Allurar Wata Uku da Sauyin Hali

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce daga Argungu, ina da goyon wata takwas. Tun da aka fara yi mini allurar tazarar haihuwa ta wata uku, abu kaɗan ke ɓata mini rai, sha'awar maigidana ta ragu, kuma ina jin zafi lokacin saduwa. Maƙwabciyata ta ce in haɗa da kayan mata. Shin allurar ce ta jawo?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya raya. Mai yiwuwa ita ce, domin allurar wata uku, wato Depo-Provera, tana hana ƙwai fita, tana kuma rage sinadarin estrojin, wanda shi ke kawo danshi a gaban mace. Idan ya ragu sai bushewa ta biyo baya, macen da ke fargabar zafi kuwa da wuya sha'awa ta zo mata.

Game da ɓacin rai, wani bincike da aka wallafa a 2016 kan mata fiye da miliyan ɗaya a ƙasar Denmak ya gano cewa masu amfani da irin waɗannan magunguna sun ɗan fi sauran karɓar maganin ciwon damuwa, musamman 'yan shekara 15 zuwa 19, ko da yake akasarin mata ba sa ganin wani sauyi. Sai dai kada mu ɗora wa allura laifin duka, domin shayarwa ita ma tana rage estrojin, ga kuma ƙarancin barci irin na mai goyo.

Allurar da ta shiga jiki ba ta ciruwa, sai ƙarfinta ya ƙare. Saboda haka ki koma sashen tsarin iyali kafin ranar allura ta gaba, ki faɗa wa ma'aikaciyar jinya komai ba tare da kunya ba. Robar mahaifa mai tagulla ba ta da homon, wato irin sinadarin da ke cikin allurar, tana kai shekara 10, amma takan ƙara jinin al'ada. Ashanar hannu kuwa danginsu ɗaya da allurar, bambancin shi ne ana iya cire ta duk ranar da ta dame ki.

Kayan mata na matsi ban yarda da su ba ko kaɗan, domin suna iya ƙara bushewar, su kuma jawo ƙaiƙayi da sanyi. Man santsi da ake sayarwa a kemis ya fi. Ki kuma zauna da maigida ki bayyana masa, kada ya zaci ƙinsa kike yi. Idan baƙin cikin ya haura mako biyu, ko tunanin cutar da kanki ko jaririn ya zo miki, ki ga likita a ranar.