Tambaya da Amsa: Ƙararrawar taron bidiyo, yaushe za ta buga, kuma a wace na'ura?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren wata ƙungiya a Sabon Gari, nan Damagaram. Duk Talata muna taro ta Google Meet da abokan aikinmu na Yamai da Maraɗi, mu goma sha biyu. Da safe nake tura adireshin shiga taron a WhatsApp, amma kullum sai rabinmu sun makara, kowa ya ce bai gani ba. Sau nawa ya kamata in tunatar da su, kuma yaushe?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam sakatare. Matsalar ba ta yawan tunatarwa ba ce, ta hanyar da take bi ce. Saƙon WhatsApp sai ya taso daga babbar kwamfutar kamfanin ya ratso rezo a daidai wannan lokacin. In rezo ya yi rauni, ko forfe ya ƙare, ko mutum ya kashe data don tattali, saƙon ƙarfe tara sai ya iso sha ɗaya. Tunatarwar kalanda ba haka take ba. Da zarar gayyatar ta sauka cikin waya, wayar ce da kanta take ƙirga lokaci, za ta kuma buga ko babu rezo.

Saboda haka ka buɗe taron a Google Calendar, ka sa shi ya riƙa maimaituwa duk Talata, ka haɗa masa Meet, ka zuba imel ɗin sauran mutanen nan goma sha ɗaya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tunatarwar da ka sa a kanka kaɗai take aiki, ba ta bin gayyata zuwa wayoyinsu. Dole kowa ya shiga saitin kalandarsa ya sa tasa. Sau ɗaya ake yi, kuma ya fi sauƙi ku yi shi tare a ƙarshen wani taro.

Google Calendar yana yarda da tunatarwa har biyar ga taro guda. Kada ku cika su. Ƙararrawar da ta yi yawa, yatsa kan saba share ta ba tare da ido ya karanta ba. Uku sun isa, kowace da aikinta. Ta farko a jajibirin taro, domin a cika caji tun da wuta kuma a sayi forfe. Ta biyu saura awa ɗaya, ga wanda sai ya hau kabu-kabu zuwa biro inda intanet ya fi ƙarfi. Wanda yake zaune a teburinsa yana iya barin wannan. Ta uku saura minti goma, ita ce uwar tafiya: a nan ake buɗe manhaja, a ga ko tana neman sabuntawa, a gwada makirfo, a nemo abin sawa a kunne. Minti biyu ba su isa wannan ba, rabin awa kuma ta yi nisa, mutum zai ce bari in ƙarasa abin da nake yi, sai ya manta. Masu Outlook, manhajar imel da kalanda ta Microsoft, za su tarar an riga an sa musu minti 15, wannan ma ya yi.

Ba mu ce ka daina WhatsApp ba, amma ka gyara tsarin saƙon. Wayar da take kulle layi ɗaya ko biyu take nunawa. In ka fara da sallama da tambayar iyali da gajiya, iya abin da za a gani ke nan. Ka fara da "Taro 10:00 yau, Meet", adireshin ya biyo, gaisuwa ta zo daga ƙasa. Ba rashin ladabi ba ne. Ga wanda ya saba kashe data kuwa, SMS ya fi tabbas, sai dai ka lura: saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma da ƙ ko ɗ ko ɓ guda ya shiga ciki sai iyakar ta koma 70, a raba shi gida biyu ko uku, a caje ka kuɗin kowane.

Tambaya: Ina da wayar Tecno da kwamfutar aiki da tablet. Wata rana duka ukun su yi ta ƙara lokaci ɗaya, wata rana kuma babu wadda za ta motsa har taro ya wuce. Ina laifin yake? (Wata ma'aikaciya daga unguwar Birni)

Amsa: Hajiya, ciwo biyu ne, maganinsu daban. Na shirun ya fi muni, da shi za mu fara.

Tun daga Android 6, wanda ya fito a 2015, waya in ta daɗe a ajiye, fuskarta a kashe, ba a kan caji ba, takan shiga wani barci na tattalin batir, ta jinkirta ayyukan manhajoji. A kan wannan kuma Tecno da Infinix da itel suna da nasu mai gadin batir da ke rufe manhajar da ba a taɓa ba. Ki shiga saiti, sashen manhajoji, ki zaɓi Calendar, ki shiga batir, ki cire mata kowane takunkumi. Ki yi wa Meet ko Zoom ko Teams haka. In wayar tana da manhajar kula da waya mai suna Phone Master, ki duba jerin manhajojin da aka bari su tashi da kansu, ki kunna musu. Daga Android 13 kuma manhaja sai ta nemi izini kafin ta nuna sanarwa, kuma mutane da yawa suna danna "a'a" ranar farko ba su karanta ba. Ki duba wannan. Ki duba saman fuskar wayar ko akwai alamar "kar a dame ni", jinjirin wata ko da'ira mai layi a tsakiya. Sai abu na ƙarshe da ake yawan mantawa: in ana aiko gayyata a imel ɗin aiki, wayar kuma imel ɗinki na gida kaɗai ta sani, taron bai taɓa shiga cikinta ba.

Kwamfuta ba abin dogaro ba ce a nan. In an rufe murfinta ta yi barci, babu abin da za ta ce. Sanarwar Google Calendar ma sai shafinsa yana buɗe a burawza take fitowa.

Maganin hayaniyar shi ne ki ba na'ura ɗaya sarautar ƙara, wato wayar da ke hannunki kullum. Kwamfuta ta nuna rubutu kawai ba sauti. Tablet a kashe mata sanarwar taro gaba ɗaya, tunda share tunatarwa a wata na'ura ba kullum yake share ta a sauran ba.

Kada ki yarda an gyaru sai kin gwada. Ki sa taron gwaji nan da awa ɗaya, ki kashe data, ki kulle wayar ki ajiye ta a kan tebur, ba caji, ba taɓawa. In ta buga a kan lokaci, kin gama. Taron da ba ya son kuskure kuwa, irin na neman aiki, ki ƙara masa ƙararrawar agogon waya, wadda ake tashi asuba da ita. Ita ba ruwanta da rezo.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou. Malamin da ke duba aikina yana Faransa, muna haɗuwa ƙarfe goma. A watan Afrilu na shiga ƙarfe goma, na tarar ya jira ya tafi.

Amsa: Ɗan'uwa, agogonka lafiya lau yake, nasa ne ya matsa. Nijar ba ta canja agogo duk shekara. Faransa kuwa tana tura nata gaba da awa ɗaya ranar Lahadin ƙarshe ta Maris, ta maido shi Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris lokacinku ɗaya. Sauran watannin, goman Paris taran Damagaram ce. Ka roƙe shi ya aiko gayyatar kalanda, ita za ta juya lokacin da kanta, abin da ƙararrawar agogo ba ta yi. Dakar da Bamako da Wagadugu suna bayanmu da awa ɗaya, Makka tana gabanmu da biyu, Kano daidai muke.

Tambaya: Ina haɗa wata manhajar Android ta darussan bidiyo. Ina tura sanarwa ta Firebase, tsarin Google na aika saƙo zuwa manhaja ta intanet, saura minti biyar, amma wasu ɗalibai sai bayan an tashi take iske su. (Wani matashi daga Zango)

Amsa: Ka ɗora wa saƙon nesa aikin da ba nasa ba. Lokacin da ɗalibi ya buɗe manhajar yana da rezo, ka sauke masa jadawalin mako, ka ɗaura ƙararrawar cikin wayar. Saƙon Firebase ka bar shi ga abin da ya canja: an ɗage darasi, an soke, malam ya shigo.

In ba ka sa wa'adi ba, Firebase yana riƙe saƙon da bai isa ba har mako huɗu, shi ya sa "darasi zai fara" ke isowa washegari. Ka sa wa'adinsa ya mutu tare da darasin. Ka ba duk sanarwar darasi ɗaya lamba ɗaya, domin sabuwa ta maye gurbin tsohuwa maimakon su taru. Saƙon da ka sa wa alamar fifiko, wato na gaggawa, yana tada waya daga barci, amma in kana amfani da shi ga abin da ba ya nuna wa mutum komai, tsarin zai rage masa daraja. In ɗalibi ya shiga aji daga kwamfuta, ka tura saƙon shiru zuwa wayarsa ya goge sanarwar.

Abu biyu ke kayar da masu farawa. Daga Android 12, ƙararrawa mai bugawa daidai kan minti tana da izininta na musamman, sai ka duba an ba ka kafin ka ɗaura. Na biyu, in waya ta mutu aka sake kunna ta, duk ƙararrawar da manhajarka ta ɗaura ta goge. A garin da batir ke ƙarewa da rana tsaka lokacin zafi, wannan kullum ne, don haka ka sa manhajar ta saurari tashin waya ta sake ɗaura su daga jadawalin da ta ajiye.