Tambaya da Amsa: Gwajin Haɗin Kai da Halin Mutane a Zahiri

Tambaya: Na ji cewa masana tattalin arziki suna tara mutane a ɗaki, su ba su kuɗi, domin su auna yadda ake haɗa kai. Shin abin da aka gani a irin wannan ɗaki yana nuna halin mutum a kasuwa ko a gona? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, yana nunawa, amma da sharaɗi. Gwajin da aka fi yi shi ne a ba kowa kuɗi, a ce ya zuba abin da ya ga dama a asusun haɗaka, sannan a ninka abin da ya taru a raba daidai, har da wanda bai zuba ko sisi ba. A zagayen farko mutane kan zuba kashi 40 zuwa 60 cikin 100, amma da zarar masu zubawa sun lura ana ci da guminsu, sai su ma su janye hannu. A shekarar 2000, Ernst Fehr da Simon Gächter sun nuna cewa idan aka ba mahalarta damar cin tarar mai noƙewa, haɗin kan yakan farfaɗo.

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga Habasha, inda Devesh Rustagi da abokan aikinsa suka gwada ƙungiyoyi 49 na 'yan ƙabilar Oromo masu kula da dazuzzukan Bale, suka wallafa sakamakon a 2010. Ƙungiyoyin da suke da yawan masu cewa "in ka zuba, na zuba" su ne dajinsu ya fi samun ƙananan itatuwa masu tasowa, domin su ne suka fi ɓata lokacinsu wajen sintiri. Haka kuma a Brazil, masuntan da suka fi zubawa a gwaji sun fi barin manyan ƙofofi a tarkonsu, yadda ƙananan jatan lande za su tsere su girma.

Sai dai John List ya gano akasin haka a 2006 tsakanin masu sayar da katuna masu ɗauke da hotunan 'yan wasa a Amurka. A ɗakin gwaji sun saka alheri da alheri, amma a kasuwa, inda ba su san ana lura da su ba, baƙin 'yan kasuwa ba su ƙara ingancin kaya ba ko da an ƙara musu farashi, sai 'yan gari masu gudun zubewar mutunci.

A ganina, gwajin ya fi amfani wajen kwatanta al'umma da al'umma. Ba zan shawarce ka ka dogara da shi ba wajen zaɓen wanda za ka ba amanar kuɗin adashi.