Amsa kan ƙullutun ƙasan cibiya da tiyatar kyamara

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce sikanin ya nuna ƙullutu mai ruwa tsakanin cibiya da mafitsara, likita ya ce a cire shi ta tiyatar kyamara, kai kuma kana so ka ji ko shan magani kaɗai zai wadatar. Ni ma aikin da aka yi min ke nan.

Magani yana kwantar da kumburi da zazzaɓi, amma ƙullutun na nan. Tun jariri na cikin uwa akwai wata 'yar hanya da ta haɗa mafitsara da cibiya, likitoci na ce mata urakus. Takan toshe kafin haihuwa. A wasu sai tsakiyarta ta ƙi rufewa, ruwa ya taru, wata rana ya yi mugunya. Nawa sai da cibiyata ta riƙa tsattsafar da ruwa mai wari yana ɓata min singileti. Da farko magani aka ba ni har ciwon ya lafa, sannan aka sa ranar aiki, don ba a son yanka wuri yana kumbure.

Aikin kansa barci za a sa ka. Yawanci huji uku ƙanana ne, a hura iska a cikin don kyamara ta ga wuri. Da na farka, abin mamaki, kafaɗa ce ta fi damuna ba ciki ba. Iskar nan ce, tafiya kaɗan-kaɗan a barandar asibiti ke sassauta ta. Idan an yanki ɗan saman mafitsara, robar fitsari kan zauna kamar kwana 7 zuwa 10. Ita ce ta fi gundura ta, wallahi. Sallah a zaune na yi ta yi, kaya mai nauyi kuwa sai bayan mako 4 zuwa 6.

Kada ƙanƙantar huji ta ɗauke maka hankali. Ka tambayi likita ko zai cire hanyar gaba ɗaya, daga cibiya har kan mafitsara, domin ragowarta kan sake ruruwa, kuma nadiran takan rikiɗe ta zama ciwon daji. Ka kuma tabbatar an kai abin da aka ciro ɗakin gwaji, ka koma da ƙafarka ka karɓi sakamako. In kana ganin jini ko majina a fitsari, faɗa masa tun kafin ranar aiki, don hakan kan sauya tsarin tiyatar.

Allah Ya ba ka lafiya.