Waƙar ta fita, yanzu kuma sai me?

Jiya muna naɗe wayoyin sitidiyo ka ce da ni: "Oga, waƙar yaron nan ta fita tun ranar Juma'a, mun ɗora a Audiomack da YouTube, an yi kwana uku ana yaɗawa, yau ko mai tambayarta babu. Mu shiga sabuwa kawai?" Ban amsa maka ba saboda janareta na shan mai, ga kuma mai jiran ɗaukar murya. To ga amsarka.

Kada ku shiga sabuwa, ɗana. Wannan ɗin ma ba ku ci rabinta ba. Ka taɓa ganin gidan da aka yanka ragon layya aka cinye shi ranar sallah? Ranar farko kayan ciki ake taɓawa, washegari a yi suya, kai da ƙafa su jira nasu lokacin, soyayyen kuwa sai ya kai wata a cikin kwano. Ku kun ɗauki ragon ɗungurungum kun ajiye a bakin titi, kun ce jama'a bisimilla, kun koma ɗaki kuna ƙirga masu kallo.

Kuskurenku ma ya riga Juma'a. Ranar da yaron yake cikin ɗakin murya yana maimaita amshi har muryarsa ta fara dishewa, ya cire abin kunne ya kurɓi ruwan ɗumi da zuma ya koma, kana ina? Kana kan kujera da waya a hannu kana duba sakamakon ƙwallo. Da ka ɗaga wayar nan a tsaye ka ɗauki minti biyar, da yau muna da abin sakawa na mako guda. Mutane na son ganin yadda aka dafa abu, har da inda mawaƙi ya yi tuntuɓe a baiti ya fashe da dariya. Daga yau duk wanda ya shiga ɗakin nan, ka nemi izininsa ka ɗauka, a tsaye, domin TikTok da Reels na Instagram da Shorts na YouTube duk a tsaye suke cika fuskar waya.

Abin da ya wuce ya wuce, amma fayil ɗin aikin yana nan a kwamfuta, shi ya sa nake hana ka goge komai. Za ka buɗe shi ka fitar mana da amshi shi kaɗai, da kiɗa babu murya, da murya zalla babu kiɗa. Murya zallar nan kada ka raina ta. A nan ne ake gane ko yaro ya iya rera waƙa ko na'ura ce ta gyara shi, kuma shi ya iya.

Sai babban aikin, wato nemo gaɓar da za ta ɗauki waƙar a ka. Daƙiƙa sha biyar zuwa ashirin ce. Kada ka tambayi mawaƙin, domin baitin da ya fi wahalar da shi wajen rubutu zai nuna maka, kuma da wuya ya zama shi ne. Ka kai waƙar teburin mai shayi ka kunna, kai kuma ka yi kamar ba ruwanka, ka zuba ido a bakunan mutane. Inda leɓe ya fara motsi, ko mai soya ƙwai ya fara kaɗa cokali daidai da kiɗa, nan ne. Ka kuma kunna wa ƙannenka mata a gida, su ne alƙalan gaskiya a wannan sana'a. In ka samu gaɓar, ka yanka daidai kan kalmar farko. Buɗewar nan tamu mai tsawo, da ake kiran sunan furodusa da sitidiyo da unguwa, ta dace da cikakkiyar waƙa, amma a TikTok kafin a gama ambaton sunana babban yatsa ya riga ya wuce.

Akwai wani abu da na koya da tsada. Wata waƙarmu ta taɓa kama gari, 'yan mata na ta hawa kanta, wato yin bidiyo da ita a TikTok, amma sautin da suke amfani da shi wani yaro ne ya ɗora daga wayarsa, sunansa ne a jiki. Mawaƙin yana zaune a nan ba shi da kuɗin mota, waƙarsa na yawo ba sunansa. Tun daga nan ba na sakin waƙa sai ta bi ta kamfanin rarrabawa, irin su DistroKid, wanda zai kai ta TikTok da Instagram da Spotify da Boomplay da sunan mai ita. Duk bidiyon da za ku saka, da wannan sautin za ku haɗa. Kuma kada ka sauke bidiyo daga TikTok da tambarinsu a jiki ka kai Instagram. Tun 2021 masu Instagram suka ce suna danne irin waɗannan. Ka ajiye asalin a wayarka, ka ɗora wa kowa nasa.

Ka rubuta kalmomin waƙar a jikin bidiyon, da ƙ da ɗ da ɓ yadda ya kamata. Da yawa suna kallo ne a cikin Adaidaita ko a gaban iyaye, sauti a kashe.

Kada kuma TikTok ya ɗauke maka hankali ka manta inda mutanenmu suke. Sitatus na WhatsApp ya fi kusa da su, kuma data tsada gare ta, saboda haka ka yi ƙaramin fayil da ba zai ci wa mutum megabait da yawa ba. Ka je kasuwar waya ta Farm Centre da kanka ka ba masu tura waƙoƙi a memori, ka ba masu kiɗan biki. Sisi ba za ta shigo ta nan ba, na sani, amma daga nan ake kiran mawaƙi kamu da dina, kuma a nan kuɗin yake a garin nan. YouTube ba za su fara raba kuɗin talla da shi ba sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin shekara, ko kallon Shorts miliyan 10 cikin kwana 90. Duk wanda ya ce zai sayar muku da masu kallo, ka ce masa Allah ya ba da kasuwa. Na'ura ba ta gayyatar mutum biki.

Yadda za ku jera su kuwa, ba sai na zana maka jadawali ba. Yau gaɓar nan, jibi murya zalla, wani makon ya zauna ya faɗi abin da ya sa ya rubuta baiti na biyu, don na san akwai labari a wurin. Duk wanda ya hau waƙar, ko mabiyansa ashirin ne, ku ɗauko ku saka ku gode masa. Kiɗan da babu murya ku sake shi ku ce kowa ya ɗora nasa baitin. In azumi ya zo ku janye, ba wanda zai so ganin waƙar soyayya da tsakar rana yana jin ƙishirwa. Bayan sallah bukukuwa za su dawo, sai ku fito da wadda aka bar gurbin sunan amarya a cikin amshi.

Gasar rawa kuwa ka yi a hankali. Nan Kano ne, akwai Hisbah, akwai hukumar tace fina-finai, kuma ka ga 'yan TikTok da suka tsaya gaban alƙali. Abin da ba za ka iya nuna wa mahaifiyarka ba, kada ya fita da sunan sitidiyon nan.

Gobe ka zo da wuri kafin a ɗauke wuta. Ka taho da belun kunnenka, ka kira yaron ya zo da kaya kala biyu, za mu hau saman bene mu ɗauki amshin kafin rana ta yi zafi.